Yagewar tsoka: raunin ɗan kokowa da ba ya fid da jini

Idan aka gama yankan gero, aka ɗaure dammuna, aka cika rumbuna, sai ganga ta fara tashi a garuruwa. Daga Gangara zuwa Gazawa, daga Agye zuwa Caduwa, daga Tibiri zuwa Cadakori da Gidan Rumji, samari suna ɗaura walki suna shiga fili. Lokacin kokowa ya yi. Cikin waɗannan samari ake tace gwanayen gunduma. Cikin gwanayen gunduma kuma ake fid da mutum 10 da za su tsaya wa jahar Maradi wurin kokowar takobi ta ƙasa. Jahohi 8 ne, kowace da mutum 10. Ƴan kokowa 80 ke nan a kan takobi guda.

Jahar Maradi ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Da aka fara kokowar takobi a Tawa cikin shekarar 1975, ɗan jahar Maradi ne ya ɗauke shi, wato Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu. Shi ya sa filin kokowa na birnin Maradi ke ɗauke da sunansa.

Amma ba kowane ƙaƙƙarfa ke kaiwa can ba. Wani ba kaye ke fid da shi ba, rauni ne. Karaya kowa ya san ta, kowa yana tsoronta. Akwai kuwa wani rauni da ba ya karya ƙashi, ba ya fid da jini waje. Saurayi yana cikin karawa, sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a bayan cinya, ko kamar an jefe shi da dutse a sha-raɓa. Ya waiwaya, babu wanda ya jefe shi. Mutane su ce jijiya ce ta harɗe, wasu su ce sammu ne. Sau da yawa tsoka ce ta yage. Abin da aka yi wa mai wannan rauni cikin kwana uku na farko, da ranar da aka bar shi ya koma fili, su ke nuna ko zai warke sarai ko zai daɗe yana fama.

Mece ce tsoka?

Wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya san tsoka. Ita ce jan nama. Idan aka dafa ta ta yi laushi, ana ganin tana rabuwa sili-sili. Haka take a jikin mutum. Silla ne masu yawan gaske, a jere, a ɗaure wuri guda, kamar igiyar rama da aka tufka. A jikin ɗan Adam akwai tsoka fiye da 600. Ƙarshen tsoka yana zama fari mai tauri, ya kama ƙashi. Wannan farin shi ne jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi. Agara, ta bayan diddige, ita ce mafi girma cikinsu.

Aikin tsoka shi ne ta takure ta jawo ƙashi. Da haka ake tafiya, ake noma, ake ɗaga abokin karawa.

To, yaya take yagewa? A dubi mai jan ruwa a rijiya mai zurfi. Guga ta cika, yana ja, sai ta kuɓuce ta yi ƙasa da gudu, shi kuma ya riƙe igiya da ƙarfi don ya tsai da ita. A nan ne sillan igiya ke tsinkewa. Haka tsoka take. Ta fi yagewa lokacin da take ja, wani ƙarfi kuma yana miƙe ta ta ɗaya gefen, farat ɗaya. Yawanci tana yagewa kusa da inda jan nama ya haɗu da farar jijiya.

A kokowa wannan yana faruwa kullum. Abokin karawa ya kama ƙafa ɗaya ya ɗaga ta sama, ɗayar tana kafe cikin rairayi: tsokar bayan cinya ke ɗaukar wahala. Mutum ya ware ƙafafu don kada a kayar da shi, ƙafa ta zame: tsokar matsematsi ce. Ya dage da yatsun ƙafa yana tura ƙato: sha-raɓa ce. Ya sunkuya ya ɗaga mutum yana juyawa: kwankwaso ne, ko kafaɗa da dantse.

Ba ƴan kokowa kaɗai ba. Ƴan ƙwallo, ƴan langa, ƴan dambe da masu tsere duk suna samunsa. Manomin da ya ɗaga buhun aya ko na wake shi kaɗai ya ɗora bisa amalanke, shi ma yana iya yaga tsokar bayansa. Ƙarfi ko suna ba su hana shi. Usain Bolt, mutumin ƙasar Jamaika da ya fi kowa gudu a zamaninsa, tsokar bayan cinyarsa ta hagu ta yage a tsakiyar tserensa na ƙarshe, a birnin Landan, cikin watan Agusta na 2017. Bai kai ƙarshen tseren ba, a ƙasa ya ƙare.

Ƙarami, matsakaici, babba

Likitoci sun kasa wannan rauni kashi uku. Na farko, sillan da suka tsinke kaɗan ne. Akwai zafi idan an taɓa wurin ko an miƙe ƙafa, amma mutum yana tafiya, ƙarfinsa bai ragu sosai ba. Irin wannan yana warkewa cikin sati ɗaya zuwa uku.

Na biyu, silla da yawa sun tsinke, amma tsokar ba ta rabu ba. Zafin ya fi tsanani, wurin yana kumbura, mutum yana ɗingishi. Bayan kwana ɗaya ko biyu fata tana yin duhu, wani lokaci can ƙasa da inda ciwon yake, domin jinin da ya zuba ciki yana gangarawa. Wannan yana cin wata ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye.

Na uku, tsokar ta rabu biyu, ko ta ɓalle daga ƙashi. Mai ciwon yakan ji ƙara kamar tsinkewar igiya. Idan aka shafa wurin ana jin rami, gefensa kuma ƙullutu, domin tsokar ta dunƙule wuri guda. Gaɓar ba ta iya aikinta. Wannan ba na gida ba ne. Wani sai an yi masa aiki a asibiti an ɗinke, kuma aikin ya fi kyau idan ba a daɗe ba. Warkewarsa watanni ce.

Kada a haɗa yagewar tsoka da ƴan uwanta. Targaɗe a mahaɗar ƙashi yake, kamar idon sawu ko gwiwa, ita kuwa yagewa cikin nama take. Tsamin jiki bayan aiki mai wuya yana zuwa ne washegari, a hankali, a duk jiki ko ƙafafu biyu, ya wuce cikin ƴan kwanaki. Ɗaurewar tsoka, wadda ke kama mutum ta yi tauri kamar dutse, tana sakinsa bayan ɗan lokaci idan an miƙe ta sannu. Yagewa kuwa farat ɗaya take zuwa, a wuri guda da mutum zai iya nunawa da yatsa, kuma miƙewa ƙara mata zafi take yi.

Kwana uku na farko

A nan aka fi yin ɓarna, kuma masu ƙaunar mai ciwon ne ke yin ta.

Lokacin da tsoka ta yage, ƙananan hanyoyin jini na cikinta su ma sun yage. Jini yana zuba cikin nama, ido ba ya gani. Jiki yana ƙoƙarin toshe wurin ya fara ɗinki. Duk abin da zai ƙara zubar jinin nan, ko ya sake buɗe wurin, yana ƙara kwanakin jinya.

Ga abin da aka saba yi. A dafa ruwa a gasa wurin. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, jini ya ƙara zuba, kumburi ya ƙaru. A samo man kaɗe ko man zafi, ƙato ya zauna ya murza cinyar da iyakar ƙarfinsa, mai ciwo yana ihu, ana cewa daure, jijiya ce za ta koma wurinta. Babu jijiyar da ta bar wurinta. Sabon ɗinkin da jiki ya fara ne ake warwarewa. Likitoci sun san wani abu da kan biyo bayan babban rauni a cinya, musamman wanda aka murza da ƙarfi tun yana ɗanye: jinin da ya taru ya daskare, ya zama kamar ƙashi cikin nama, gwiwa ta ƙi lanƙwasawa har tsawon watanni. Wasu kuma su kama ƙafar su ja, kamar masu gyaran targaɗe. Igiyar da ta fara tsinkewa, ja ba ya gyara ta.

Sai ƙaho da tsaga. Ana cewa a fid da mataccen jini. Jinin da ya taru yana can cikin tsoka, ƙaho ba ya kai masa. Na fata kawai yake tsotsowa. Jiki da kansa yake shanye wancan jinin sannu a hankali. Tsaga kuwa ƙofa ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta. Aska da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko sida, ƙazanta kuma tana iya kawo ruɓa ko ciwon sarƙe haƙora, wanda likitoci ke kira tetanos. Wanzami da maɗori mutane ne masu daraja a gari, ba a raina su. Amma inda ƙashi bai karye ba, babu abin ɗorawa. Inda fata take lafiya, babu dalilin tsaga ta.

Abin da ya kamata ba shi da tsada. Da farko, wasa ya ƙare ga wannan mutum a ranar. Ko makaɗa suna kiran sunansa, ko shi ke kan gaba, a fid da shi daga fili. A kama shi, kada ya taka ƙafar da ƙarfi.

A sanyaya wurin. A garuruwan da ke da wutar lantarki, kamar na bakin babbar hanyar da ta bi ta Gidan Rumji, Maradi, Agye da Gazawa, ana samun ƙanƙara cikin leda wurin masu firigo. A naɗe ta cikin ƙyalle, a ɗora minti 10 zuwa 15, a ɗauke. Bayan awa biyu ko uku a sake. Kada a ɗora ƙanƙara tsirara bisa fata, tana ƙona ta kamar wuta. Inda babu ƙanƙara, ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da ruwan randa ya isa. A riƙa sake jiƙa shi.

Wanda bai samu ƙanƙara ba kada ya damu ƙwarai. Wani likitan ƴan wasa na Amurka mai suna Gabe Mirkin shi ne ya yaɗa dokar nan ta hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗaga ƙafa, cikin 1978. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce ƙanƙara mai yawa da hutu mai tsawo suna iya jinkirta warkewa. Abin da aka sani yau shi ne: sanyi yana rage zafin ciwo, ba shi ke ɗinke tsoka ba. Kwana ɗaya ko biyu ya wadatar.

A ɗaure wurin da bandeji mai talewa, ko da tsagin zane mai faɗi, ko rawani. A faro daga ƙasa da ciwon a yi sama. Ɗaurin ya kama, amma kada ya matse. A riƙa duba yatsun ƙafa. Idan sun yi sanyi, ko sun kumbura, ko mutum ya daina jin su, ɗaurin ya yi tsauri, a kwance nan take. Da dare a sassauta shi. Idan mai ciwo ya kwanta, a ɗora ƙafar bisa matashi ko buhu, ta fi ƙirjinsa tsawo, don kumburi ya sauka. Idan zai zagaya bayan gida, ya dogara sanda. Ba abin kunya ba ne.

Maganar ƙwaya

Idan zafi ya hana barci, parasetamol ya isa. Babban mutum yana iya shan ƙwaya 1 ko 2 mai miligiram 500, ya bar awa 6 kafin ya sake. Kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare, domin fiye da haka yana lalata hanta. A saye shi a likita ko a famasi. Maganin da ke yini cikin rana bisa faranti a kasuwa, ba a san abin da ke cikinsa ba. Ƙwayoyin kumburi irin su diklofenak da ibuforofen, gara a bar su cikin kwana biyu na farko. Bayan haka ma sai da shawarar ma'aikacin lafiya, domin suna cin ciki, suna wahal da ƙoda, musamman ga wanda ya yi gumi bai sha ruwa ba.

Sai tiramol. Wannan ƙwaya ta shiga garuruwa, ta shiga gonaki, ta shiga wuraren wasa. Maganin ciwo mai tsanani ne da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Ga mai yagaggiyar tsoka, sharrinta a fili yake. Zafin ciwo shi ne mai gadin da ke cewa tsaya. Tiramol tana rufe bakin mai gadi, ba ta ɗinke komi ba. Saurayi ya sha, ya ji garau, ya shiga fili, raunin sati biyu ya koma na wata uku. Ban da wannan, tana sa faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma wanda ya saba da ita barinta yana yi masa wuya. Tun daga ranar 1 ga Janairu 2024, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta sa tiramol cikin abubuwan da aka hana ɗan wasa sha lokacin gasa.

Wanda za a kai likita ba da jinkiri ba

Wanda ya ji ƙara lokacin raunin, ko aka ji rami cikin tsokarsa. Wanda ba ya iya taka ƙafar ko taku huɗu. Wanda zafin yake bisa ƙashi, ko gaɓar ta karkace, domin wataƙila karaya ce, sai an ɗauki hoto. Wanda kumburinsa ya yi tauri kamar ganga, zafi yana ta ƙaruwa, ƙafa tana mutuwa: wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare. Haka wanda fitsarinsa ya koma baƙi kamar shayi mai ƙarfi, ko zazzaɓi ya kama shi, wurin ya yi zafi. Yaro ɗan shekara 13 zuwa 17 da ya ji irin wannan ciwo a ƙugu ko a ƙasan ɗuwawu shi ma a kai shi, domin a shekarun nan tsoka takan ɓallo ɗan guntun ƙashi. A fara da likitar da ke kusa. Idan abin ya fi ƙarfinta, ita za ta tura shi asibitin gunduma, kamar na Agye ko na Gidan Rumji, ko babban asibitin Maradi. Wanda ya iya rubutu a gidan ya rubuta ranar da abin ya faru, da abin da aka sha, da abin da aka shafa. Takardar nan tana taimakon ma'aikacin lafiya.

Kwanciya ba ta warkarwa

Bayan kwana biyu ko uku, magana ta juya. Wanda aka ce ya huta, yanzu ana so ya fara motsi. Mutane da yawa suna kuskure ta nan kuma: su kwanta sati uku bisa tabarma suna jiran ciwo ya tafi da kansa.

Sabon naman da jiki ke sakawa a wurin raunin yana fitowa ne a harɗe, kamar zaren da kaji suka tattaka. Ja kaɗan-kaɗan shi ke jera shi ya bi tsawon tsoka, ya yi ƙarfi. Idan babu motsi, wurin yana warkewa da tabo mai tauri, tsokar kuma ta rame. A ƙasar Danmak, likitoci sun gwada wannan a kan ƴan wasa 50 masu babban rauni a cinya ko sha-raɓa, suka bayyana sakamakon a 2017. Kashi ɗaya sun fara motsa jiki kwana 2 bayan rauni, ɗaya kashin sai bayan kwana 9. Waɗanda suka fara da wuri sun riga sauran komawa wasa da kusan sati uku, kuma raunin bai fi dawo musu ba.

Motsin yana da tsani, ba a tsallake mataki. Da farko mutum yana kwance, ya lanƙwasa gwiwa ya miƙe, sannu, iyakar inda zafi ya fara. Ya danna diddige bisa tabarma, ya ƙirga 10, ya saki. Ya yi haka sau da yawa a yini. Sai tafiya cikin gida, sai tafiya zuwa masallaci, sai zuwa gona a dawo. Idan ɗingishi ya tafi, sai sassarfa. Bayan sassarfa, gudu. Bayan gudu, tsalle da juyi. Daga nan ne zai kama abokinsa su gwada ƙarfi da wasa, ba don kaye ba.

Ma'aunin kowane mataki ɗaya ne. Ɗan zafi kaɗan da mutum ke iya daurewa yana hira, ba laifi. Idan zafin ya soka, ko washegari da safe wurin ya fi jiya ciwo ko kumburi, an yi gaggawa. A koma matakin baya kwana biyu. A wannan lokaci ne ruwan ɗumi da tausa mai taushi da man kaɗe suke da amfani, kafin a fara motsi. Abin da ya zama cuta a ranar farko ya zama taimako bayan kumburi ya sauka.

Yaushe za a koma fili?

Wannan tambaya ta fi duka wuya, domin ba jiki kaɗai ke magana ba. Ana kiɗa a garin maƙwabta. An sa kuɗi da tufafi. Zaɓen gunduma ya kusa. Abokai suna cewa tsoro ne ya hana shi fita. Zafin kuma ya tafi, saurayi yana tafiya daidai.

Sai dai zafi yana riga rauni tafiya. Tsoka tana daina ciwo tun ba ta gama ƙarfi ba. Likitocin ƴan wasa sun lura cewa tsokar bayan cinya tana yawan sake yagewa, kuma abin ya fi faruwa cikin satuttukan farko bayan an koma wasa. Yagewa ta biyu kuwa takan fi ta farko daɗewa. Babu abin da ke jawo wannan rauni kamar tsohon rauni da bai warke ba.

Ga gwajin da za a yi a gaban mai horarwa ko wani babba, ba a gaban ƴan kallo ba. A danna wurin da yatsa: babu zafi. Ya kwanta rigingine a ɗaga ƙafar a miƙe: ta kai inda lafiyayyar ke kaiwa. Ya kwanta rub da ciki, wani ya riƙe diddigen, shi kuma ya ja: ƙarfin ƙafafun biyu ɗaya ne. Ya yi gudu da iyakar ƙarfinsa, ya tsaya farat ɗaya, ya yi tsalle da ƙafar ita kaɗai, kwana uku a jere, ba ciwo, ba shakka a zuciyarsa. Idan ɗaya ya rage, lokaci bai yi ba. Saurayi ɗan shekara 20 ba zai hana kansa ba idan ganga ta tashi. Aikin iyaye ne, da tsofaffin ƴan kokowa, da masu shirya wasa. Su ya kamata su ce a'a, su kuma faɗa a bainar jama'a cewa rauni ne, don kada a yi masa gori.

Riga-kafi

Kokowa tana faɗowa cikin hunturu, tsoka mai sanyi kuwa ba ta son fizga. A lura da yadda ake yi a fili. Ɗan kokowa ya zauna awa biyu cikin iska, babu riga, ana ɗaura masa layu da guraye, ana shafe-shafe. A kira sunansa, ya tashi tsaye ya kama ƙato. Ba a hana kowa neman tsari yadda ya saba ba. Amma cikin awa biyun nan, a ware minti 15 ko 20 na ɗumama jiki: sassarfa, tsalle-tsalle, tsugunne da tashi, wurga ƙafa gaba da gefe, kamawa da aboki a hankali, har gumi ya fara tsattsafowa. Rawar da ɗan kokowa ke takawa gaban makaɗa ma tana taimako, idan dab da karawa aka yi ta. Bayan haka ya yafa bargo ko riga har a kira shi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fid da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 cikin 2006. Ƙungiyoyin da suka riƙe shi sun ga raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Gajiya ma tana buɗe ƙofa. Wanda ya yi kokowa jiya a wannan gari, ya hau moto cikin dare, yau ya shiga wani fili, gobe wani, tsokarsa ba ta samu lokacin gyara kanta ba. Barci isasshe, da ranar hutu tsakanin manyan karawa, suna cikin horo. A sha ruwa kafin ƙishirwa ta kama. Abincin gina tsoka kuwa yana nan cikin gari: wake, gujiya, nono cikin fura, ƙwai, kifi, nama idan an samu, fara, da zogale. Masu shirya wasa su duba fili, su tsince duwatsu da kututture, su cike ramuka, su zuba rairayi. Yara kuma a haɗa su da tsararsu.

Wani zai ce, wanda ya yi noma damina guda da hauya wane horo kuma yake bukata? Noma yana ba da ƙarfi da juriya, gaskiya ne. Amma ja ne iri ɗaya, a hankali, daga safe zuwa azahar. Bai koya wa bayan cinya tsai da fizga ba. Akwai motsi guda da ke koyar da wannan, ba ya bukatar komi sai aboki da tabarma.

Mutum ya durƙusa bisa gwiwoyinsa a wuri mai taushi, jikinsa a miƙe daga gwiwa zuwa kai. Abokinsa ya durƙusa a bayansa, ya danne masa idon sawu biyu a ƙasa da ƙarfi. Sai ya riƙa faɗowa gaba sannu sannu, ƙugu a miƙe, yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya iyakar iyawarsa. Idan ya kasa riƙewa, ya tare ƙasa da tafin hannu, ya tura kansa ya koma. An gwada wannan motsi a kan ƴan ƙwallo 942 a ƙasar Danmak, aka bayyana sakamakon a 2011. Cikin waɗanda ba su yi shi ba an samu yagewar bayan cinya 52. Cikin waɗanda suka yi, 15 kawai.

Ba a fara shi da yawa, domin yana sa tsamin jiki ƙwarai a farko. Satin farko, rana ɗaya: sau 5, a huta, a sake sau 5. Sati na biyu, rana biyu, sau 6 a huta a sake. Daga sati na uku, rana uku a sati, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har mutum ya iya yin 12, ya huta, ya yi 10, ya huta, ya yi 8. Tsarin sati 10 ne, bayansa rana ɗaya a sati ta isa. Mai rauni sabo ba ya yin sa sai ya kai matakin gudu. Wanda ke nufin shiga kokowar kaka, lokacin maimai ya kamata ya fara.